Kafin Samarinmu Su Yada Zango a Gindin Duwatsun Man

  

A daren Juma'ar da ta gabata, bayan an idar da sallar Isha'i, wasu samari bakwai suka yi sallama a zauren Maigida. Dukkansu haifaffun Abijan ne. Biyu suna sayar da kayan waya a Adjamé, ɗaya yaron mota ne da ya zama direba, ɗaya ɗalibi ne a jami'ar Cocody, sauran kuwa 'ya'yan masu garba ne da masu albasa. Suka tuɓe takalma, suka durƙusa suka gaisa, sannan babbansu ya miƙo waya da hannu biyu ya ce, "Baba, a duba mana wannan."

Hoton bidiyo ne na wani Bature da matarsa cikin wata farar mota mai kama da ɗaki. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da makewayi, a samanta kuma farantin da ke tara hasken rana. Sun ajiye ta a gindin wani dutse mai tsini wanda Faransawa suka raɗa wa suna Dent de Man, wato Haƙorin Man, suna shan shayi hazo na sauka a bayansu. Buƙatar samarin ita ce a ba su izini su yi makamancin haka. Za su haɗa kuɗi su ɗauki hayar ƙaramar bas irin ta gbaka, su cire kujerun baya, su loda tanti da tabarmi da tukwane, su tafi yankin Man su kwana uku a tsakanin duwatsu.

Zaure ya rabu biyu. Wani dattijo ya ce wannan yawon banza ne, aikin wanda ya ƙoshi. Wani ya ce mutum yana da ɗaki da ƙofa, me zai kai shi kwanan daji in ba kwaikwayon Nasara ba? Maigida, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ɗage maganar zuwa mako biyu, ya kuma ce duk mai ra'ayi ya faɗa. Mu da aikinmu shi ne riƙon alƙalami da littafin zaure ba mu saba tsoma baki idan manya na magana ba, amma tunda an buɗe ƙofa, ga namu. Muna ganin ya kamata a bar su su tafi. Sai dai kafin a sa musu albarka, a koya musu bambancin motar-gida da zango, domin a nan maganar take.

Mu fara da motar kanta. A Amurka ana kiranta da haruffa biyu, RV, Faransawa kuma suna ce mata kampin-kar. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, a Jamus kuwa tun farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia ya fara mayar da ƙananan bas na Volkswagen zuwa ɗakin kwana. Wasu daga cikin masu irin wannan mota suna tasowa daga Turai, su ratsa Maroko da Muritaniya da Senegal da Gine, su shigo ƙasar nan ta wajen Danané, su huta a Man kafin su gangaro bakin teku. Hikimar da ke cikin ƙirar motar guda ce: matafiyi ya wadatu da kansa. Ruwansa na cikin tanki, wutarsa na kan rufi, abincinsa na cikin firji. Yana iya kwana a gefen ƙauye ya tashi da asuba bai san sunan mutum ko ɗaya a cikinsa ba. Ba mu ce dukkansu haka suke yi ba, akwai masu kirki da ladabi a cikinsu. Muna magana ne a kan abin da aka gina motar domin ta iya.

To shi kwanan hanya, a ce mana baƙon abu ne ga Bahaushe? Duk wanda ya taɓa bi ta wajen tashar jiragen ruwa da dare, ko gefen hanyar Vridi, ya ga direbobinmu na Nijar da yaransu sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela, an ɗaura gidan sauro a jikin taya, buta na gefe, shayi na tafasa a kan ƙaramin murhu. Akwatin ƙarfen da ke manne a cikin motar, shi ne madafarsu da rumbunsu. Waɗannan mutane sun fi kowane Bature sanin yadda ake zama cikin mota, sai dai su neman abinci ne ya kai su.

Idan muka koma baya kuma, kakanninmu fatake ne. Ayarin goro yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakai ɗauke da kanwa da baƙin yadi da jar fata, ya bi ta Yawuri da Nikki da Jugu da Sansanne Mango da Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja, ya dawo da huhunan goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, kuma kusan kowane dare a fili ake kwana. Ayarin yana da tsari. Madugu ne shugaba. Jagaba yana wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana tattara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Ana tashi da asuba, a sauka kafin rana ta yi nisa da karkata, a kafa bukkokin ciyawa, a shayar da dabbobi. Wurin saukar nan shi ne zango. Kalmar ta yi nauyi har ta zama sunan unguwanni a Kumasi da Akara da Lome da Kwatano. Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatakenmu suka bazu zuwa Kintampo da Kete Krachi da wasu garuruwa, kuma duk inda suka je da wannan tsari suka je.

Abin lura shi ne, ba a yada zango sai da iznin mai ƙasa. Madugu ba ya sauke kaya kafin a aika gaisuwa fada. A cikin gari kuma kowane falke yana da fatoma, mai masaukin da ke tsaya masa, ya ajiye masa kaya, ya shiga tsakaninsa da masu saye, ya kare shi idan rigima ta tashi. Motar-gida an ƙera ta don kada ka buƙaci kowa, shi kuwa zango tushensa amincewa ce cewa kana buƙatar mutanen da ka tarar. Da wannan amincewar iyayenmu suka zauna a Abijan, a ƙasar Ebrié, musamman bayan an buɗe mashigin Vridi a 1950 kasuwa ta buɗe. Da ita ce har sunan Bahaushe, Garba, ya zama sunan abincin da ɗalibi da leburori da ma'aikacin banki ke layi a kansa kowace safiya.

Gaskiya ta sa mu faɗa cewa ayarinmu bai saba bi ta Man ba. Mu gabas muka sani, wajen Bonduku. Goron yamma Julawa ne suka yi fataucinsa, suna hawa da shi ta Touba da Odienné zuwa Mali, har yankin Séguéla ya samu suna Worodougou, wato ƙasar goro a harshensu. Saboda haka samarinmu ba gadon kakanninsu za su je dubawa ba. Baƙi za su je, a ƙasar Dan, waɗanda aka fi sani da Yakuba.

Me ya sa muke so su je? Domin yawancin 'ya'yanmu ba su san ƙasar da aka haife su a cikinta ba. Sun san tashar Adjamé lungu-lungu, sun san kasuwar Treichville, sun san Anyama idan an aike su sayen goro, sun san mahauta ta Port-Bouët lokacin Layya. Idan sun yi doguwar tafiya, to motar Yamai ko Tawa ko Maraɗi suka shiga, suna barci har a wuce iyaka. Yaro ya kai shekara 25 a Kodebuwa bai taɓa ganin inda koko da kofi da goro ke fitowa ba, bai taɓa zama da manomi ya ji abin da ke damunsa ba. Sannan idan aka ce masa baƙo sai ya ji zafi. Wanda yake so a lissafa shi cikin 'yan ƙasa, wajibi ne ya taka ƙasar da ƙafarsa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi lura.

Abin lura kuwa yana nan da yawa. Daga Abijan zuwa Man kusan kilomita 600 ne. Za su bi babbar hanyar Arewa zuwa Yamusukuro, su karkata yamma ta Bouaflé da Daloa, su haye kogin Sassandra a Guessabo, su wuce Duékoué da Bangolo, sannan duwatsu su fara bayyana. Ana yi wa Man kirari da garin duwatsu 18. Akwai Tonkpi mai tsawon kusan mita 1,190, inda sanyin asuba ke sa ɗan Treichville neman bargo. Akwai magangarar ruwa 'yan kilomitoci kaɗan daga gari. Akwai kurmin Gbêpleu inda birai ke zaune babu mai taɓa su. Wajen Danané akwai gadojin igiyar kurmi a kan kogin Cavally, kamar ta Lieupleu. Can a kan iyakar Gine da Laberiya kuma ga dutsen Nimba mai mita 1,752, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya tun farkon shekarun 1980, kuma keɓaɓɓen wuri ne da ba a shiga don shaƙatawa.

Amma yamma ba filin wasa ba ce, kuma wannan ne dalilin da ya sa muke nanata maganar zango. Waɗanda suka kai shekarunmu suna tuna ƙarshen Nuwamba na 2002 lokacin da Man ta faɗa hannun 'yan tawaye, suna tuna Duékoué a watan Maris na 2011 inda aka rasa ɗaruruwan rayuka. Ba mu zo nan don ɗora wa kowa laifi ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai kowa ya san cewa a ƙarƙashin wannan wuta akwai tambaya ɗaya: wane ne mai ƙasa, wane ne baƙo, kuma wa ya ba wa izinin zama? Dokar filayen karkara ta 1998 a kan wannan tambayar aka yi ta. A irin wannan wuri, mota cike da samari bakwai masu magana da wani harshe, ta tsaya a gefen gonar koko da magariba, a kafa tanti, a hura wuta, ba a yi wa kowa sallama ba, manomin da ya hango su ba yawon buɗe ido zai fara kawowa a ransa ba. Baturen da ya yi haka, gobe ya wuce Gana, an manta da shi. Idan ɗanmu ya yi, sunan Hausawa ne zai zauna a bakin mutanen ƙauyen, kuma mai tireda ɗan uwanmu da ke zaune a can shekara 20 shi zai biya bashin.

Ko a ƙasar masu motar ma ba a sakar wa kowa linzami ba. Dokar Faransa ta ce ba a kafa tanti a fili sai da yardar mai amfani da filin, ta hana kafawa a bakin teku da wuraren tarihi da aka keɓe, ta kuma hana a kusanci wurin ɗiban ruwan sha da ƙasa da mita 200. Mu da muka yi karatun zaure mun san wannan tun kafin mu ji labarin Faransa, domin hadisi ya ja kunne a kan yin bayan gida a mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

Ga sharuɗɗan da muke ba da shawara a ɗora musu.

Na farko, su naɗa madugu tun daga nan zaure, kamar yadda sunna ta koyar idan mutum uku suka fita tafiya. Shi zai riƙe asusu da takardun kowa, shi zai yi magana da jandarma a shingen hanya, sauran su yi shiru. Yankin na kusa da iyakoki biyu, kada wanda takardarsa ba ta cika ba ya shiga motar.

Na biyu, zangonsu na farko cikin garin Man ne, wurin 'yan uwanmu da ke can. Su yi salla a masallacin gari, su gaida limami, su nemi jagora ɗan ƙasar Dan, su biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki irin na kasuwar Adjamé ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, duk ƙauyen da za su kwana kusa da shi, su isa da rana tsaka, su fara da gidan sarkin ƙauye da goro a hannu, su faɗi sunayensu da inda suka fito da kwana nawa za su yi. Inda aka nuna musu nan za su kafa tanti. Idan aka ce a'a, su yi godiya su ƙara gaba. Su sayi ayaba da rogo da itace a hannun matan ƙauyen ko da suna da guzuri a mota, domin cinikin nan shi ne igiyar da ke ɗaure baƙo da mai gida.

Na huɗu, su kame bakinsu da wayarsu. Mutanen Dan suna da kurmin da ba a shiga, suna da dodanninsu da ba a ɗaukar hotonsu sai da izini, kuma a gadar igiya ana tuɓe takalmi kafin a hau. Ba a ce Musulmi ya yi imani da wani abu daga ciki ba, kuma idan aka gayyace shi yanka ko tsafi sai ya ba da haƙuri cikin ladabi. Amma suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Dariya da izgili a gaban kyamara, a watsa a TikTok, zagi ne.

Na biyar, su kiyaye rai. Su zaɓi rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin daminar Man doguwa ce kuma hanyoyin dutse na zama santsi. A duba birki kafin a tashi, kuma direba ya sauko gangara da ƙaramar giya, kada ya dogara ga birki har ya yi zafi ya ƙi kamawa. Kada a yi tafiyar dare. Kada a kwana a kan hanya ko cikin kwarin rafi. Kada a kunna gawayi ko gas cikin rufaffiyar mota ko tanti don jin ɗumi, domin iskar da ke kisa a nan ba ta da wari, mutum barci kawai yake ji. Kowa da gidan sauronsa.

Na shida, su bar wuri kamar ba a kwana ba. Leda da gwangwani su dawo cikin mota. Wuta a kashe ta da ruwa a tona a tabbatar, domin a lokacin hunturu ƙwayar garwashi ɗaya na iya cinye gonar da mutum ya yi shekara goma yana reno. An ƙiyasta cewa kurmin ƙasar nan ya kai hekta miliyan 16 a da, yau bai kai miliyan 3 ba. Kada a ce da hannunmu a cikin abin da ya rage.

Saura mu amsa wa iyayenmu da suka ƙi. Masu tsoron salla za ta tozarta, muna tuna musu cewa fiƙihun da muka karanta a Risala ya tanadi matafiyi. Nisan kasaru mil 48 ne, wajen kilomita 80, tafiyar Man ta ninka haka sau bakwai, kuma wanda bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana nan a hukuncin matafiyi. Yaron da ya nemi alƙibla da kansa a kan dutse, ya kira salla cikin hazo, ya ja 'yan uwansa limanci, ya koyi abin da bai koya ba a sahu na goma a babban masallacin Adjamé.

Masu cewa almubazzaranci ne, maganarsu tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Akwai gidaje a Adar da Gobir da ke jiran saƙon ƙarshen wata. Muna cewa duk wanda tafiyar za ta taɓa kuɗin da yake aika wa mahaifiyarsa, ko za ta sa shi cin bashi, to ya zauna. Amma mun ga abin da samari ke kashewa a sabuwar waya da ankon biki, ba mu ji an kira zaure a kansa ba.

Masu cewa kwaikwayon Nasara ne kuwa, mun yarda da su rabi. Idan yaranmu suka tafi don su rufe kansu cikin mota su ɗauki hoto su dawo, lallai kwaikwayo ne, kuma mara kyau. Idan suka tafi da madugu da goro da sallama, to abin kakanninsu suka ɗauko, motar ce kawai ta maye gurbin jaki. Hana su kuma ba zai hana tafiyar ba. Yaran zamani ne, da sun so da sun tafi ba mu sani ba, sai dai mu gani a Facebook. Zuwan da suka yi suka durƙusa neman izini, shi kansa alama ce cewa tarbiyyar zango ba ta mutu a cikinsu ba. Idan muka mayar da su hannu wofi, waɗanda ke bayansu ba za su sake yin sallama a zauren nan ba.

Saboda haka roƙonmu ga Maigida da majalisarsa shi ne a kira samarin nan bakwai, a karanta musu sharuɗɗan, su amsa da bakinsu. A haɗa su da dattijo ɗaya cikin tsofaffin direbobinmu da suka san hanyar yamma. A ba su ƙwarya biyu ta goro daga asusun jama'a don gaisuwar sarakunan ƙauye, da wasiƙa zuwa ga shugaban 'yan uwanmu na Man. Wasiƙar mu za mu rubuta ta, da Hausa da Faransanci, daren da aka ba da umarni. Idan sun dawo kuma, su zo zaure su ba da labari a gaban ƙannensu, su faɗi sunan kowane ƙauye da sunan wanda ya ba su wurin kwana, mu shigar a littafi, domin ayarin da zai biyo baya ya san ƙofar da zai fara yi wa sallama.

Allah ya kai su lafiya ya dawo mana da su lafiya, ya zaunar da ƙasar nan da ƙasashenmu na asali cikin aminci. Wanda ya ga kuskure a maganarmu ya gyara mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.